Agogon da Ya Tsaya a Kan "Da Sauƙi"

Gaya,
Lahadi, bayan la'asar.

Zuwa ga 'yata Ummi,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ki kin sauka Sakkwato lafiya, ke da akwatinki da ƙullin garin kunun da mamanki ta hana kowa ya ce ya yi nauyi. Allah ya tsare ki a hanya da masauki, ya haɗa ki da mutanen kirki, ya raba ki da waɗanda kirkinsu a baki ya tsaya.

Bayan gaisuwa, ina mai sanar da ke, a matsayina na shugaban wannan gida, cewa an sallami agogona daga aiki. An kwance shi daga hannun hagu ba tare da wani biki ba, an zare masa layi, an jefa shi cikin gwangwanin da muke tara maɓallan riga da makullan da ba mu san ƙofarsu ba. Babu fansho, babu takardar yabo. Ƙaninsa da na saya dominki, wanda ko kwalinsa bai fita ba, shi ma hukuncin ya haɗa da shi.

Na san za ki yi murmushin nan naki na gefen baki. Rabin labarin kin san shi, tunda a gabanki aka yi. Ɗaya rabin kuwa ban faɗa wa kowa ba, har mamanki. Na gwada faɗa miki da baki sau biyu a makon nan, amma kin san halin malamin makaranta: da ya buɗe baki zai nemi gafara, sai lacca ta fito. Shi ya sa na zauna na rubuta.

Tun ranar da sunanki ya fito a makarantar koyon jinya tsoro ya shige ni. Shekara ashirin da ɗoriya ina koyarwa a sakandare, na ga yaran da babbar waya ta cinye musu karatu, na ga waɗanda ta cinye musu abin da ya fi karatu. Sai na riƙa neman abin da zan ba ki wanda ni zan kira in same ki, amma duniya ba za ta same ki ba. Ina cikin wannan tunani ranar kasuwa na tsaya gaban wani mai tebur, ya jera agoguna masu baƙar fuska suna ƙyalli a rana.

"Malam, wannan ba agogo ba ne," in ji shi. "Waya ce aka ɗaure a hannu. Layi kawai za ka sa masa, ba ya bukatar wata waya. Yana kira, yana ɗaukar hoto, yana auna bugun zuciya, yana ƙirga takunka."

Na ce, "Yana shiga yanar gizo?"

Ya dube ni, yana laluben amsar da nake so. Sannan ya ce, "Daidai gwargwado, Malam. Ba ya wuce gona da iri."

Na ce a ba ni biyu. Araharsu ma ta isa ta sa mai hankali ya ja da baya, amma ni sai na ɗauke ta shaidar cewa na fi sauran iyaye wayo. Ni da ba na sayen littafi sai na duba bangon baya, na duba shekarar bugu, na karanta shafi biyu a tsaye har mai shago ya fara tari, ban tambayi mutumin nan abu ɗaya da agogon ba ya iyawa ba. Bai yi mini ƙarya ba, Ummi. Duk abin da ya lissafa agogon yana yi, ko dai yana kwaikwayon yi. To ki riƙe wannan: duk wanda zai sayar miki da abu, ko ya kawo miki shawara, ko wata rana ya kawo miki kansa, zai lissafa miki abin da yake iyawa. Ke ki tambayi abin da ba ya iyawa, kuma ki kalli fuskarsa lokacin da yake amsawa.

Da na kawo gida na miƙa miki nawa ki gani, ko minti biyar ba ki yi kina juya shi ba kika ce, "Baba, wannan ba ya ɗaukar manhaja. Abin da aka zuba masa tun daga masana'anta shi ke nan, ba a ƙarawa, ba a sabuntawa. Kuma a makaranta ta waya ake turo jadawalin darasi da takardun karatu."

Kin tuna amsar da na ba ki. Na fara daga malaman da suka taka da ƙafa zuwa Gabas neman ilimi ba tare da manhaja ba, na biyo ta kan fitilar ƙwai da na yi karatu da ita, na sauka a kan lalacewar zamani. Shayinki ya huce a hannunki. Da na gama kika ce, "To, Baba." Ni kuwa na ji daɗi, na ɗauka hujja ce ta yi aiki. Don in ƙarasa ki gaba ɗaya, na zare layina daga wayata na sa a agogo, na kulle wayar a durowa, na yi shela a tsakar gida cewa zan yi kwana arba'in da agogo kaɗai, kowa ya ga ko zan mutu.

Idan wata rana kin zama babba a wurin aiki, na ƙasa da ke ya ce miki "to" da sauri haka, kada ki ɗauka kin gamsar da shi. Ladabi ne ya rufe masa baki. Kuma kada ki yi shelar abin da ba ki gwada ba. Da a ɓoye na yi gwajin nan, kwana uku sun isa in buɗe durowa. Shelar ce ta ɗaure ni.

Don tun makon farko na gane. A fuskar agogon akwai 'yan hotuna a jere irin na babbar waya, har da koren nan na hira. Idan ka taɓa shi sai ya buɗe farin fili, ya rubuta wani Turanci da ko ni da nake malamin sakandare ban gane kansa ba, ya koma inda ya fito. Zane ne kawai, kamar ƙofar da aka zana a jikin bango. Akwai wata kibiya da na ɗauka za ta nuna alƙibla. A ɗaki ɗaya ta nuna mini kusurwa uku. Na hau babur zuwa Kademi gaisuwar wani abokin aiki, ban taka ƙasa ba sai daga bakin titi zuwa zaure, agogo ya taya ni murna wai na yi tafiyar da ta dace da matashi. Ashe ramukan hanya yake ƙirgawa.

Malam Bala, malamin lissafin nan da ba ya barin kowa ya sha ruwa a ofis, shi ya ƙarasa tona asirin. Ina nuna wa malamai yadda yake auna bugun zuciya, sai ya ce, "Ara mini, Shehin Malami." Ya ɗaura shi a ƙafar teburina. Koriyar fitila ta yi ƙyaf-ƙyaf, sai ga lamba ta fito, saba'in da shida.

"Alhamdu lillahi," in ji shi. "Teburinka lafiyarsa ƙalau. Ya ma fi ka kwanciyar hankali."

Aka yi dariya, na taya su, na ce ai katako ma daga abu mai rai ya fito. Ke da za ki yi aiki da na'urori a kan jikin mutane, ki tuna da teburin nan. Akwai na'urar da ba ta san kalmar "ban sani ba", ko me aka ɗora mata sai ta ba da amsa. Akwai mutane ma haka, kuma kin taso a gidan ɗaya daga cikinsu. Idan lamba ta ce lafiya, idonki ya ce ba lafiya ba, ki kama hannun mara lafiya ki ƙirga da kanki.

Kira kuwa yana yi, sai dai ba ya da sirri. Murya a fili take fita. Muna tsakiyar taron malamai mamanki ta kira, na ɗaga hannu zuwa baki kamar mai shan magani, duk ofis ya ji cewa daddawa ta ƙare kuma in na sake mantawa in ci tuwona da ruwa. Daga ranar na fara jin nauyin kira da amsawa a gaban mutane. Ga caji: kira biyu masu ɗan tsawo, sai fuska ta yi baƙi. In ya farfaɗo kuma sai ya manta ranar da ake ciki da ƙarfe nawa, ya koma wata shekara da ta wuce. Da wannan agogo na tsaya ina yi wa ladanin unguwa gardama cewa ya kira la'asar da wuri. Dattijon ya dubi inuwar katanga, ya dubi hannuna, ya ce, "Malam, a gaida agogo."

Duk wannan abin dariya ne, kuma da a nan ya tsaya da ban ɓata takarda ba.

Kin san Gwaggonki Hanne ba ta yi boko ba. Ita ta goya ni bayan rasuwar mahaifiyarmu, wadda kika ci sunanta, shi ya sa take ce miki "uwata". Tun da ɗanta Haladu ya sayi babbar waya, kowace Juma'a sai ta sa ya danna mata ta yi mini saƙon murya daga Gafasa. Kin sha jin su: ta gaida kowa da sunansa, ta ba da labarin gyaɗa da akuya da wanda ya haihu da wanda ya yi faɗa da surukarsa, ta yi mini faɗa a kan ramar da na yi, alhali ba ta gan ni ba. Agogo ba ya karɓar saƙon murya. Juma'a ta zo ta wuce shiru, wata ta zo ta wuce. Zan faɗa miki gaskiya ko da ba ta yi mini kyau ba: na lura da shirun, kuma har na ɗan ji sauƙi a raina, na ce na huta da labarin akuya.

Na samu labari a bakin wani ɗan garinsu cewa tana fama da zazzaɓi. Na ce in an kwana biyu zan leƙa. Ranar wata Laraba, tsakanin darasi da darasi, agogo ya yi ƙara, ga rubutaccen saƙo daga Haladu. Na kawo shi kusa da ido na karanta:

"Salamu alaikum Kawu. Ina kwana, ya gida, ya su Ummi, ya aiki. Jikin Inna da sauƙi"

A nan rubutun ya tsaya. Ko "sauƙin" ma agogon bai rubuta daidai ba, don bai san haruffanmu masu lanƙwasa ba, sai ya zana ɗan akwati a tsakiyar kalmar. Na shafa fuskar agogon sama, na shafa ƙasa, babu ƙari. Na ce to, alhamdu lillahi. Na tsaya a baranda ina fama da haruffan da yatsa ɗaya yake danna uku a lokaci guda, sai a gwaji na uku na samu na rubuta kalma ɗaya: "Madalla." Na tura. Na yanke a raina ranar Asabar zan je, in tafi mata da lemo.

Ranar Juma'a da hantsi ina cikin aji, agogo ya mutu tun safe, sai ga Malam Bala a bakin ƙofa. Ranar na fara ganin mutumin nan babu zolaya a bakinsa. Haladu ya nemo lambar mamanki ya sanar da ita rasuwar Gwaggonki, ita kuma ta kira Malam Bala. Shi ya ɗauke ni a babur ɗinsa har Gafasa, bai ce mini komai ba a hanya sai "Sannu, Malam." Na samu jana'iza. Ku kun iso daga baya a mota, kin ga abin da kowa ya gani.

Abin da ba ki gani ba shi ne bayan an dawo daga maƙabarta. Na ja Haladu gefe, bayan rumbu, na ce, "Haladu, ashe jikin ya yi tsanani haka, ba ka sanar da ni ba?"

Ya dube ni kamar bai ji daidai ba. "Kawu, ai na turo maka saƙo ranar Laraba."

"Na gani. Ka ce da sauƙi."

Bai yi musu ba. Ya ciro wayarsa ya nemo saƙon ya miƙo mini da hannu biyu. Gaisuwar tana nan yadda na gan ta. Bayan "da sauƙi" kuma akwai sauran magana: "amma tun jiya ba ta cin komai, sunanka kawai take kira. Ta ce ka zo yau in da hali." A ƙarƙashinsa ga amsata, kalma ɗaya.

"Da na ga ka ce madalla," in ji shi, "sai na ce mata kana hanya."

"Me ya hana ka kira ni?"

"Na kira sau biyu, Kawu, a kashe. Kuma ka riga ka amsa. Ban ga ya dace in yi ta matsa maka ba."

Ya ce ta sa an shimfiɗa mini tabarma a ɗakinta tun azahar ɗin Laraba, ta hana a naɗe. Duk babur ɗin da ya tsaya a ƙofar gida sai ta ce a duba. Bai faɗa don ya ɓata mini rai ba. Ni na yi ta tambaya, shi kuma yana amsawa yana kallon ƙasa.

Na daɗe ina juya wannan abu. Waɗanda suka ƙera agogon sun ba saƙo ɗan gurbi kaɗan, abin da ya wuce nan sai ya yanke, ba ya ko nuna alamar akwai saura. Wataƙila a ƙasarsu mutum da abin da ya kawo shi yake farawa. Mu kuwa ba ma shiga magana sai mun tambayi gida da aiki da gajiya, kuma yaro mai tarbiyya kamar Haladu ba zai fara wa kawunsa da mummunan labari ba. Gaisuwarmu ta cinye gurbin, maganar ta faɗi a waje.

Na so in ɗora wa agogon laifin duka, kuma na yi kwanaki ina ɗora masa. Amma ni Bahaushe ne, Hausa nake koyarwa. Na san "da sauƙi" ba labari ba ne. Na sha zuwa dubiya na tarar da mutum ba ya gane kowa, a tambayi masu jinya su ce da sauƙi. Ni kaina na faɗa a kan mahaifinmu ana saura kwana ɗaya ya rasu. Kalma ce ta tawakkali, kowa ya san ainihin bayanin yana bayanta. Kuma agogon, duk da lalacewarsa, yana kira. A lokacin da na ɓata ina neman haruffan "madalla", da na danna lambar Haladu da na ji komai. Ban kira ba don akwai malamai a baranda, ba na so Malam Bala ya ji murya ta fito daga hannuna ya samu abin faɗa. Gaya zuwa Gafasa ba wata tafiya ba ce, Ummi. Kin sani.

Saboda haka ga abin da nake roƙonki, kuma shi ne dalilin takardar nan. A wurin aiki, idan mara lafiya ko mai jinyarsa ya ce miki da sauƙi, ki amsa da alhamdu lillahi, sannan ki ja kujera ki zauna ki ce, "To, yanzu faɗa mini." A tsakanina da ke kuma, na yafe miki gaisuwa. Idan wani abu ya same ki a can, rashin lafiya ne, ko wani malami ya takura miki, ko kin faɗi jarrabawa, ko kewa ce kawai ta dame ki, ki fara da shi. Layin farko. Ina kwana ta biyo baya, ba zan ce ba ki da ladabi ba. Na san halinki, irin na Haladu ne, kuma tun ranar shayin nan na lura kin rage abin da kike faɗa mini. Ina tsoron ki yi shekara uku kina rubuto mini "lafiya lau" ni kuma ina amsa miki da "madalla".

Bayan addu'ar bakwai na buɗe durowa. Kwana arba'in ɗin ba su cika ba, kuma babu wanda ya tambaya. Na mayar da layi, na kunna waya, saƙonnin Yaya Hanne suka shigo a jere, guda huɗu. Na rufe ƙofa na saurara. Na farko labarin gyaɗa ne da akuyar da ta haifi biyu. A na biyu tana dariya, wai an gaya mata na koma magana da hannuna a kan titi, in dai aljanu ne a faɗa mata da wuri ta nemo mai magani. Na uku gajere ne, tana tari. A na huɗu muryar ta yi ƙasa sosai. Ta ce ta ji abin da nake shirin ba ki ki tafi da shi. Ta ce, "Kai dai tun kana yaro in ka kafe sai Allah. Ka ba uwata waya ta gaskiya. Ni ba karatu na iya ba, muryarta nake so in riƙa ji."

Ki duba aljihun cikin akwatinki, ƙarƙashin sallaya. Wayata ce, an canza mata gilashi, an sa mata sabon layi. Malam Bala ya adana saƙonnin nan huɗu a cikinta, ya nuna mini inda suke, bai yi zolaya ko ɗaya ba. Kada ki goge su. Ni zan riƙa karɓar naki ta wayar mamanki, wadda ta amince bisa sharuɗɗan da ba sai na rubuta su a nan ba.

Tsoron da na ji tun farko bai tafi ba. Har yanzu na san abin da ke cikin babbar waya, kuma ba ni da wata dabara da zan tsare ki daga nesa. Na nemi abin da zai tsare ki a kan teburin kasuwa, ban samu ba. Abin da ya rage mini shi ne tarbiyyar da kika tafi da ita da addu'ar da nake bin ki da ita. Ki kashe wayar lokacin darasi da lokacin salla. Kada ki amsa wa wanda ba ki sani ba. Ranar Juma'a kuma ki yi mana saƙon murya, komai tsawonsa, ko labarin akuyar makarantarku ne, zan saurara har ƙarshe.

Mamanki tana gaishe ki, ta ce garin kunun kada ki bar shi a buɗe. Allah ya kiyaye ki dare da rana, ya buɗa miki karatu, ya sa hannunki ya zama sanadin sauƙi na gaskiya ga bayinsa. Allah ya jiƙan Gwaggonki, ya haskaka kabarinta, ya yafe mini haƙƙinta. Ya dawo mana da ke lafiya.

A kan maganar agogo, ke ce da gaskiya. Ni na yi kuskure.

Babanki.